Tsohuwar manhaja, sabuwar kwamfuta: wane laburare ne zai karanta sunayenmu daidai?

Duk wanda ya san Tamale ya san garin ƙungiyoyin agaji ne. Ana fita daga nan zuwa Savelugu, Tolon, Kumbungu da Yendi, matasa a kan babura, waya a hannu, suna tattara bayanan manoma da mata masu man kaɗanya. Yawancinsu da ODK ko KoboToolbox suke aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kowane fom da aka cike a wayar, a matsayin fayil ɗin XML ake ajiye shi. Can a ofis kuma akwai wata 'yar manhaja ta Python da wani ya rubuta shekarun baya, ita ke buɗe fayilolin ta fitar da jerin sunaye.

To, ranar da tsohuwar kwamfutar ofis ta mutu fa?

Haka ta faru da wani ɗan ƙanena da ke hidimar ƙasa a wata ƙaramar ƙungiya. An sayo sabuwar kwamfuta, ya girka Python 3, manhajar ta ƙi tashi. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da komawa Ankara. Ga mata suna jiran a tura musu kuɗinsu ta MoMo, jerin sunayen kuwa yana maƙale a cikin fayilolin. Bayan isha'i ya same ni a wurin ataya, fuska a murtuke.

Abin da ya canja

An daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairun 2020. A Python 3.9, wanda ya fito a wannan shekarar, an cire umarnin getchildren da getiterator, waɗanda tsofaffin manhajoji suka dogara da su sosai. Wannan gyaran mai sauƙi ne, domin kwamfuta na tsayawa ta nuna maka layin da ya lalace.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya ihu. Yaron ya gyara layukan, sai manhajar ta sake tsayawa wajen rubuta sunaye, saboda Windows ba da tsarin UTF-8 take buɗe fayil ba idan ba a gaya mata ba. Ya bi wata shawara ta gaggawa, ya ce a musanya duk harafin da ya gagara. Aiki ya tafi sumul. Amma Bilƙisu ta koma Bil?isu, Ruƙayya ta koma Ru?ayya. Haruffan Dagbani irin su ɣ, ŋ, ɛ da ɔ duk suka zama alamar tambaya. Gaskiya ne da yawanmu a zango ba ma bambance k da ƙ a baki, amma kwamfuta na bambancewa, kuma sunan da bai dace da na tsohon jeri ba sai a ɗauka wata ce daban.

Don haka tambayar da na yi masa ba ta sauri ba ce. Wane laburare ne zai mayar maka da bayanan mutane yadda suka shiga?

Su huɗu ne a fage

Na farko minidom. Da Python yake zuwa, kuma har yau yana aiki. Yana ɗora fayil gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ga yawan rubutu kafin ka ciro suna ɗaya. Idan fayilolinka ƙanana ne kuma tsohuwar manhajar da shi aka gina ta, ka ƙyale shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu ElementTree, aikin Fredrik Lundh ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya shiga Python tun siga ta 2.5 a 2006. Tun daga 3.3 da kansa yake amfani da ɓangaren nan mai sauri, shi ya sa barin cElementTree ba asara ba ce, harafi ɗaya za ka goge. Ba ya buƙatar sauke komai, abin da ke da muhimmanci ga wanda datarsa ke ƙarewa ko dumso ta tsare shi a ƙauye. Yana kuma da iterparse, mai karanta fayil kaɗan-kaɗan. Wikipedia ta Dagbani, wadda aka buɗe a 2021, da ta Hausa, duk a XML ake sauke kundinsu, kuma da irin wannan karatun tsohuwar kwamfuta za ta iya da manyan fayiloli.

Sai dai yana da tarko uku. Idan ka ce ya rubuta XML ba ka ambaci UTF-8 ba, ƙ za ta fito a matsayin &#409;, ɗ kuma &#599;. Bayanin bai ɓace ba, amma ma'aikacin ofis da ya gani zai ce an lalata. Na biyu, idan ka tambaye shi ko wani reshe na nan ta gajeriyar hanya, zai ce babu matuƙar reshen ba shi da 'ya'ya, ko da akwai rubutu a cikinsa. Wanda ya taso daga minidom a nan yake faɗawa, sai ka ga gurbin sunan ƙauye fayau. Dole ka tambaya ƙarara ko abin da ya dawo None ne. Na uku, laƙabin dangi. Fom ɗin ODK a tsarin XForms yake, kowace alama da adireshin gidansu a maƙale. Kamar ka shiga kasuwar Aboabo ne ka ce kana neman Abdulai. Wane Abdulai? In ba ka haɗa da laƙabin ba, ElementTree zai dawo hannu rabbana, ba tare da ya ce uffan ba.

Na uku lxml, wanda aka ɗora a kan libxml2 da libxslt. Umarninsa kusan ɗaya ne da na ElementTree, don haka sauyawa ba wuya. Ya fi shi da cikakken XPath, yana iya komawa daga reshe zuwa uwarsa, yana faɗin lambar layin da alama take, yana barin laƙabin dangi yadda ya same shi maimakon ya mayar da su ns0 da ns1. Yana kuma iya auna fayil da ƙa'idar da aka gindaya, ya ƙi wanda bai cika ba. Kuɗinsa shi ne sai an girka shi a kowace kwamfuta, kuma sai an rubuta hakan don wanda zai gaje ka.

Na huɗu BeautifulSoup, na Leonard Richardson. Don shafukan intanet masu karyayyen rubutu aka yi shi, kuma a can gwani ne. Halinsa yafiya: ya ga fayil ya gutsure, sai ya ɗinke ya wuce. Idan aka haɗa shi da mai karanta HTML ma, duk manyan haruffan alamomi ƙanana yake mayar da su. Wajen kwaso kanun labarai wannan alheri ne. Wajen jerin masu karɓar kuɗi kuwa, gara manhaja ta tsaya ta yi ƙara da ta yi shiru ta zubar da mutum biyu.

Akwai kuma defusedxml ga wanda ke karɓar fayiloli daga waje. An san wani hari da fayil da bai kai kilobayit ɗaya ba ke kumbura ya kai kusan gigabayit 3 a ƙwaƙwalwa, kuma wannan laburaren don toshe irinsa aka yi shi.

Sai an gwada

Mu ElementTree muka zaɓa, saboda ofishin ba shi da mai kula da kwamfuta, kuma fom ɗin ba shi da sarƙaƙiya. Da a ce ana sauya fayilolin a mayar da su, ko ana auna su da ƙa'ida, da lxml za mu ɗauka.

Amma abin da ya ceci aikin ba zaɓin ba ne, gwajin ne. Mun nemo jerin da tsohuwar manhaja ta fitar bara, muka sa sabuwar ta karanta fayilolin baran, muka jera su layi da layi. Muka ƙirga mutane, muka duba gurbin da ba komai, muka saka sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ, ɣ da ŋ da gangan. Sunayen gwajin na ƙirƙira ne, domin Dokar Kare Bayanai ta Gana ta 2012 ba ta bar mutum ya riƙa yawo da bayanan jama'a ba, kuma kafin doka ma ai amana ce.

Kafin ya tafi na sa shi ya rubuta a saman manhajar sigar Python da ya yi aiki da ita, da laburaren, da kwanan wata. Hidimar ƙasa shekara ɗaya ce. Wani yaron zai zauna a kujerar nan baɗi.