Laburaren Roja Muthiah da Masu Cewa "A Zuba a Intanet Kawai"

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsofaffin littattafai da takardun tarihi, ko a rediyo ko wajen ƙaddamar da wani shirin hukuma, ba a rasa mai cewa zamani ya wuce wannan wahala. A sayo na'ura, a ɗauki hoton kowane shafi, a zuba a intanet, a huta da ƙura da gara da albashin ma'aikata. Maganar tana da daɗi a kunnen mai riƙe da kasafin kuɗi, domin tana mayar da ɗawainiyar da ba ta ƙarewa ta koma kwangilar shekara guda. Waɗanda suka tsufa a cikin aikin ba su yarda da ita ba. Mai son ya fahimci dalilinsu sai ya dubi wani laburare da ke unguwar Taramani a birnin Chennai, wanda a da ake kira Madras, hedikwatar jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya.

Tamil harshe ne na mutum sama da miliyan 70, harshen hukuma ne a Siri Lanka da Singafo, kuma shi gwamnatin Indiya ta fara ba matsayin harshe mai tsohon adabi a 2004. Amma laburaren da masana wannan harshe ke tinƙaho da shi ba sarki ya kafa shi ba, ba kuma gwamnati ba. Asalinsa tarin kayan wani mai rubuta allunan shaguna ne, Roja Muthiah, mutumin Kottaiyur, wanda aka haifa a 1926. Tun daga shekarun 1950 ya riƙa zuba abin da ya samu a sayen tsofaffin littattafai, musamman a kasuwar Moore ta Madras, kasuwar da gobara ta cinye a 1985. Bai tsaya ga littattafan malamai ba. Ya tara mujallu da jaridu, takardun tallan wasan kwaikwayo, ƙananan littattafan waƙoƙin fim, katunan gayyatar biki, littattafan maganin gargajiya da wasiƙun 'yan kasuwa. Kafin rasuwarsa a 1992 abin da ya tara ya kai kusan guda 100,000, mafi tsufa a ciki littafi ne da aka buga a 1804. Ana danganta ciwon da ya yi ajalinsa da maganin ƙwarin da ya daɗe yana fesa wa takardun don ya kare su.

A 1994 Jami'ar Shikago ta Amurka ta sayi tarin gaba ɗaya. Mai jin wannan zai ɗauka an yi lodin kayan a jirgi kamar yadda Turawa suka saba yi da dukiyar wasu ƙasashe. Ba a yi haka ba. An amince kayan su zauna a ƙasar Tamilawa, aka kwaso su daga Kottaiyur zuwa Chennai, aka buɗe laburaren bincike da sunan mai shi. Shikago ta samu kwafin da aka ɗauka a fim, asali kuwa ya zauna hannun masu harshen. Daga baya wani kwamitin amintattu na 'yan ƙasa ya karɓi ragamar gudanarwa, kuma yau abin da ke ciki ya haura guda 300,000.

To me ma'aikatan wurin suke yi tsawon shekara talatin, idan ɗaukar hoto ne kawai aikin?

Na farko, rajista. Littafin da ba a shigar da sunansa, da mai rubuta shi, da shekara da wurin bugawa ba, daidai yake da wanda ya ɓace, ko yana kan kanta ko yana cikin kwamfuta. Tsohon littafin Tamil sau da yawa bangonsa ya yage, ko kuma shekararsa an rubuta ta da sunan shekara a kalandar Tamilawa, wadda sunayenta ke zagayowa duk shekara 60. Sai wanda ya san tarihin maɗaba'u ya zauna ya tantance wane zagaye ake nufi. Na'ura tana iya ɗaukar shafi dubu a yini, amma ba ta san wane ne ya rubuta shi ba.

Na biyu, yaƙi da lalacewar takarda. Mutane suna zaton tsufa ke kashe littafi, alhali yawanci irin takardar ce. Daga tsakiyar ƙarni na 19 masana'antu suka koma yin takarda da itace da aka niƙa, suna haɗa ta da sinadaran da ke barin asid a jikinta. Asid ɗin yana cin zaren takardar a hankali, ta yi ja, ta bushe, har ta kai idan ka lanƙwasa gefen shafi sai ya karye. Shi ya sa jaridar 1940 takan fi littafin 1804 rauni, domin tsohuwar takarda da tsumman auduga aka yi ta. Zafi yana hanzarta wannan ci, danshi kuma yana kawo fumfuna da ƙwari, ga Chennai gari ne na bakin teku mai zafi da laima kusan duk shekara. Saboda haka dole a tsare sanyin ɗaki da bushewarsa dare da rana, a wanke asid da sinadarin da ke kashe kaifinsa, a liƙe yagewa da siririyar takardar Japan da kunun sitaci, a ajiye kowane abu a kwalin da shi ma ba shi da asid. Salatif da liƙa leda da zafi, waɗanda jama'a ke ɗauka gata ne ga takarda, su ne abokan gabanta, domin gam ɗin yana shiga jikinta ya bar tabon da ba ya fita.

Yanzu sai babbar magana, wadda nake ganin an fi yi wa gurguwar fahimta. Laburaren Roja Muthiah ba ya gudun fasaha. Ya fara da maikurofim, wato fim ɗin da ake ɗaukar shafuka ƙanana a kansa, daga baya ya shiga ɗaukar hoto da kwamfuta, kuma ya sa abubuwa masu yawa a intanet. Amma bai zubar da takarda ko ɗaya don an ɗauke ta ba. Dalili shi ne takarda da fayil ɗin kwamfuta ba halinsu ɗaya ba. Takarda kamar hatsi ce a rumbu: idan rumbun ya bushe, an toshe kafar ɓera da gara, mai shi yana iya yin doguwar tafiya ya dawo ya tarar da abinsa. Fayil kuwa dabbar kiwo ce. Kullum tana son harawa da ruwa, wato lantarki, kuɗin hayar ma'ajiya, da ma'aikacin da zai duba lafiyarta. Faifan da take kai yana mutuwa cikin 'yan shekaru, sai an mayar da ita sabo. Manhajar da ke buɗe ta tana tsufa, sai an juya ta zuwa sabon tsari. Ranar da kuɗin aikin ya ƙare, ko jami'in da ya san lambar sirri ya bar aiki, garken yakan mutu gaba ɗaya ba tare da kowa ya ji kukansa ba. Hatsin rumbu idan ya fara lalacewa ana gani, a ceci rabi. Fayil idan ya lalace, sai ranar da aka zo buɗe shi ake sani.

Wannan ba hasashe ba ne. A 1986 BBC ta haɗa wani gagarumin kundin rayuwar Birtaniya a kan faifan laser, don cika shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Ba a yi shekara ashirin ba na'urorin da ke karanta faifan suka kusa ƙarewa, sai da masana suka sha fama kafin su ceto abin da ke ciki. Shi kuwa kundin 1086, da aka rubuta a fata, har yau ana buɗe shi a karanta. A Oktoban 2023 masu kutse suka afka wa kwamfutocin babban laburaren Birtaniya a Landan, rajistarsa ta intanet ta tsaya wata da watanni, alhali littattafan suna nan kan kanta ba abin da ya taɓa su. Idan haka ta faru ga mai ƙarfi irin wannan, ina ga wanda ke jiran wuta ta dawo? Maikurofim mai kyau, idan an ajiye shi a sanyi da bushewa, masana sun ƙiyasta zai iya kaiwa shekara 500, kuma haske da gilashin ƙara girma kawai ake bukata a karanta shi. Babu faifan kwamfutar da mai shi zai yi maka alkawarin ko kusa da haka.

Wannan ba ya nufin kwafi ba shi da amfani. Tamilawa sun fi kowa sanin zafin rasa abin da ba shi da na biyu. A daren 31 ga Mayun 1981 aka banka wa laburaren Jafna na Siri Lanka wuta, littattafai da rubuce-rubucen hannu sama da 90,000 suka ƙone, da yawansu babu kwafinsu a ko'ina. A Agustan 2000 ambaliya ta shanye wani laburare a Haidarabad mai ɗauke da tarin littattafan Urdu, sai da aka daskarar da su a ɗakunan sanyi aka busar da su a hankali kafin a ceto abin da ya cetu. Chennai kanta ta sha mummunar ambaliya a Disamban 2015. Don haka ƙa'idar masu aikin ita ce a riƙe duka: asali a wuri mai tsaro, kwafi a wani gari dabam, hoto a intanet don ɗalibin da ba shi da kuɗin mota, kuma don a rage hannayen da ke taɓa takarda mai rauni.

Akwai kuma abin da na'ura ba za ta taɓa maye gurbinsa ba, wato mai karatu. Kafin maɗaba'a, Tamilawa a kan ganyen wata bishiya 'yar'uwar giginya suke rubutu, da tsinken ƙarfe, sannan a shafa baƙin fitila haruffan su fito. Marubutan ba sa barin fili tsakanin kalmomi, kuma sukan bar ɗigon da ke bambanta wasu haruffa don kada tsinken ya huda ganyen. Ganyen ba ya wuce 'yan ɗaruruwan shekaru, saboda haka kowane zamani sai ya sake kwafar abin da ya gada. Lokacin da wannan sarƙa ta tsinke, tsofaffin waƙoƙin Tamil sun kusa salwanta. U. V. Swaminatha Iyer, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1942, shi ya riƙa bin gidaje da wuraren ibada yana roƙon ɗaurin ganyen da magada suka wofintar, yana gwada wannan kwafi da wancan, har ya buga littattafan waƙoƙin Silappatikaram a 1892 da Purananuru a 1894. Da a ce hoton ganyen kawai aka ɗauka aka ajiye, ba tare da mutum irinsa ba, da an tara hotunan da babu mai iya karantawa. Ko littattafan bugu ma suna da tasu matsalar, domin a 1978 gwamnatin Tamil Nadu ta sauya siffar wasu haruffa, kuma manhajar da aka horar da sabon rubutu takan yi tuntuɓe a tsoho. Laburaren da ba ya horar da matasa masu karanta tsohon hannu, sito ne kawai.

Su kuma waɗancan katunan biki da littattafan waƙoƙin fim da wasu za su kira shara, lokaci ya gaskata Muthiah a kansu. Fim ɗin Tamil mai magana na farko, Kalidas na 1931, ya ɓace, haka ma yawancin finafinan shekarun farko. Ga da yawansu, ɗan littafin waƙoƙin da ake sayarwa a ƙofar silima, mai ɗauke da taƙaitaccen labari da sunayen 'yan wasa, shi ne shaidar da ta rage. A Tamil Nadu kuwa tarihin fim tarihin mulki ne, domin Annadurai da Karunanidhi marubutan fim ne, M. G. Ramachandran da Jayalalithaa 'yan wasa ne, kuma dukansu sun shugabanci gwamnatin jihar. Wanda ya share takardun silima ya share rabin tarihin siyasar jihar.

Abin da ya fi wahala a gudanar da irin wannan wuri shi ne kuɗin yau da kullum. Gidauniyoyi kamar Ford da Wellcome sun tallafa wa laburaren, amma tallafi irin wannan na aiki ne mai farko da ƙarshe. Kuɗin wuta, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da albashin mai liƙa yagaggen shafi ba su da ƙarshe, ba kuma a yanka musu kirtani a gaban 'yan jarida. A nan hukumomi a ko'ina suke ja da baya. Sun fi son sayen na'urar da za a ɗauki hotonsu kusa da ita a kan biyan mutumin da zai kula da ita shekara ashirin.

Mu ma maganar ta shafe mu, domin takardar asid ba ta san ƙasa ba. Tsofaffin kwafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da littattafan soyayya na kasuwar Kano, da rubutun ajami da ke cikin gafaka da adaka a zaurukan malamai, duk suna fuskantar abin da kayan Muthiah suka fuskanta. Muna da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, muna da jami'o'in da ke karɓar irin waɗannan kaya. Wanda ya gaji takardu kada ya liƙa musu salatif, kada ya fesa musu maganin ƙwari, kada ya ajiye su a ƙasa ko jikin bango mai laima, kada kuma ya ƙona su don wani yaro ya ɗauke su a waya. Ya nemi masana su duba, a yi rajista, a ɗauki kwafi, asali ya zauna. Hukuma kuma, idan da gaske take, ta sa kuɗin kula da ma'ajiyoyin tarihi cikin kasafin kowace shekara, ta ɗauki matasa ta horar da su tun malaman da suka iya karanta tsohon hannu suna raye.