Ko Ka Sani? Yadda Kyamarar Fim Ke Kama Tsohon Gini

Kyamarar fim akwati ce mai duhu, gilashi a gaba, fim a baya. Aikinta kawai ta bar haske ya shiga na ƙiftawar ido, sauran aikin na fim ne. An shafe fuskarsa da wani danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, duk ƙwayar da haske ya taɓa kuwa sai ta sauya, ko da yake ido ba ya ganin sauyin. Sai an kai shi ɗakin duhu an tsoma a ruwan magani, sannan wuraren da suka sha haske su yi baƙi. Magani na biyu yana kwashe gishirin da haske bai taɓa ba. Abin da ke fitowa juyayye ne: farar sama ta zama baƙa, duhun zaure ya zama garau. Idan aka haska shi a kan takardar hoto aka sake wankewa, komai ya koma daidai. Fim mai faɗin milimita 35, wanda kyamarar Leica ta yaɗa daga 1925, yakan ɗauki hoto 24 ko 36.

Fim ɗin baƙi da fari ba ruwansa da launi, haske da inuwa kawai ya sani, shi ya sa ya dace da ginin ƙasa na cikin birnin Kano fiye da mai kala. Zanen dagi a goshin zaure, zankwaye a kan soro, sawun yatsun magini a jikin yaɓe, duk inuwa ce ke fito da su. Da tsakar rana sukan baje. Da hantsi ko la'asar, hasken da ke zuwa daga gefe yana shiga kowane tsagi, har mai kallo ya ga inda indararo ya zubar da ruwa ya ci bango. Masu hoto kan ɗora jan gilashi ko rawaya a gaban kyamara. Ja yana duhunta shuɗin sama, ya haskaka jan bango, ginin ya tsaya cak. Lokacin hazo sama takan yi fari fat, sai a ƙara wa fim lokaci cikin magani.

Unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni suna wajen badala, tsofaffin gidajensu galibi na bulo ne da siminti. Nan bango sumul yake, don haka abin nema shi ne inuwar baranda, ƙarfen taga da layukan kwano. Waɗannan gidaje ma sun cancanci a ɗauke su, domin shaguna da benaye suna cinye su ɗaya bayan ɗaya a bakin Titin Zariya da Court Road. Lunguna kuma suna da tasu matsalar: idan aka ɗaga bakin kyamara sama, gini ya fito kamar zai faɗi baya. Maganin shi ne a ja da baya, a riƙe ta a miƙe.

Zafi ne babban abokin gabar wankin hoto a Kano. Maganin yana son digiri 20, alhali zafin Afrilu yakan kai 40, sai an sanyaya shi da ƙanƙara. Ƙura kuma tana manne wa jiƙaƙƙen fim ta bar ɗigo-ɗigo. Fim ɗin da ya wanku sosai, aka adana shi nesa da laimar damina, yana iya shekaru gommai, a sake buga hoto daga gare shi bayan ginin ya rushe. Ana iya ganin irin waɗannan tsofaffin hotuna na Kano a gidan tarihi na Gidan Makama.