Kalmar "Folimofizim" a Fannonin Kimiyya da Yadda Za a Fassara ta zuwa Hausa

Daga cikin matsalolin da ke fuskantar masu tsara manhaja akwai ta keɓaɓɓun kalmomin da ma'anarsu ke sauyawa daga wannan fanni zuwa wancan. Folimofizim misali ne. Asalinta daga Girkanci ne, kuma tana nufin "siffofi masu yawa". Mutanen Finlan sun fassara ta daga harshensu da monimuotoisuus, wato moni (yawa) da muoto (siffa). Bisa wannan tafarki muke ba da shawarar "yawan siffa" ta zama uwar kalma, sannan kowane fanni ya yi mata ƙari.

A ilimin halittu, kalmar na nufin samuwar nau'o'in gado biyu ko fiye a cikin al'umma ɗaya. Misali shi ne rukunin jini na A, B, AB da O, da kuma jinsin AA, AS da SS. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga tsananin zazzaɓin cizon sauro. Ɗalibin Nguru ko Karasuwa, da ya san sauron fadama, zai saurin fahimtar dalilin wanzuwar sikila. A nan sai a ce "yawan siffar gado".

A ilimin sinadarai kuwa, ana nufin sinadari ɗaya da ƙwayoyinsa ke jeruwa bisa tsari daban-daban. Kalsayit na dutsen da ake siminti da shi da aragonayit na ɓawon katantanwa duk kalsiyam kabonet ne, tsarin ginuwarsu ne ya bambanta. Wannan shi ne "yawan siffar tsari".

A ilimin kwamfuta, inda Christopher Strachey ya rarrabe nau'o'inta a 1967, umarni ɗaya ne ke aiki kan bayanai iri-iri. Alamar + takan tara lambobi, takan kuma haɗa kalmomi. Wannan shi ne "yawan siffar aiki".

Saboda haka, muna ganin ya kamata malamai, musamman masu horar da su a Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, su riƙa ambaton fannin tare da kalmar. Darasin sikila ya shafi zaɓin abokin aure, don haka bai kamata ruɗanin kalma ya shiga cikinsa ba.