Kututturen Gona Bai Mutu Ba

'Yan'uwa manoma, sassabe da gawayi suna cinye dajin ƙasar Danko. To, mu dubi Maraɗi. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, ya lura dashen itatuwa yawanci mutuwa yake, alhali kututturen gona saiwarsa tana da rai. Manoma suka fara barin tofo kamar biyar masu ƙarfi a kowane kututture, suna yanke sauran. Suka kira shi sassabin zamani. Zuwa 2009 an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar: ga itacen wuta, ga abincin dabbobi, iska ta rage binne shuka. Bana, lokacin sharar gona, kada mu ƙone kututturen kaɗanya, ɗorawa ko kalgo. Kowace ƙungiya ta keɓe gona guda mu gwada.