"Ke!" Ba Suna Ba Ne

'Yan'uwa cikin Kristi, a ƙasar Hausa mun gaji ladabin ɓoye suna. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce Maigida, ko Malam, ko Baban wane. Uwa takan ji nauyin sunan ɗanta na fari, yaron da ya ci sunan kakansa kuma a ce masa Abba ko Baba domin kada a ambaci tsohon. Talaka in ya zo gaban basarake ya tuɓe takalmi ya ce ranka ya daɗe. A ikilisiya ma muna da Baba Fasto da Mama Fasto, da Dattijo, da Mai Bishara. Wannan duk abu ne mai kyau, ba ma neman a rushe shi.

Abin da ke damunmu shi ne girmamawar nan hawa kawai take yi, ba ta saukowa. Matar da ta shekara 20 ba ta furta sunan mijinta ba, ita ce yake kira daga zaure da "Ke!" a gaban baƙi. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye domin aikin gida tana cewa Mama da Baba tana durƙusawa, amma 'ya'yan gidan sun laƙa mata sunan tsiya saboda haƙoranta ko harshen garinsu, har a manta sunanta na baftisma. In ta yi dariya sai a ce ai tana so. To, ina ta ga bakin cewa ba ta so? A gidan take ci, a gidan take kwana.

Mazanmu sun haddace 1 Bitrus 3:6, inda aka yaba wa Saratu saboda yadda take kiran Ibrahim da girmamawa. Kaɗan ne ke ƙarasawa zuwa aya ta 7, wadda ta umarci miji shi ma ya ba matarsa girma, har ta gargaɗe shi cewa rashin yin haka yakan tare addu'a.

Mu duba Farawa sura 16. Duk maganar da Saraya da Abram suka yi a kan Hajaratu, da baiwa suka ambace ta, ba wanda ya kama sunanta. Sai da ta gudu jeji da ciki, mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓugar ruwa, shi ne ya fara kiranta da sunanta. Haka Bulus ya yi da Unisimas, bawan Filimon da ya bar ubangijinsa. Sunan nan ma'anarsa mai amfani, irin sunan da akan sa wa bayi ne a zamanin. Bulus ya ce da shi ɗansa, ya kuma roƙi Filimon ya karɓe shi a matsayin ɗan'uwa.

Laƙabi tsakanin miji da mata ba laifi ba ne, wani ma daɗinsa ya fi na sunan yanka. Sharaɗinsa dai mai sunan ta yarda da shi, kuma na cikin ɗaki ya tsaya a ɗaki. Mu ma'aikatan ikilisiya kuwa, da muke murtuƙe fuska in an manta da Rabaran ko Katikis a takardar gayyata, Matiyu 23:8-12 na jiranmu. A ajin baftisma na bana, za mu tambayi kowace yarinyar da ke zaune a gidan wani wane suna take so a kira ta da shi, shi za mu rubuta a rajista.