Erle Stanley Gardner: Daga Zauren Shari'a Zuwa Alƙalami

Ko da yake Erle Stanley Gardner, wanda aka haifa a jihar Massachusetts ta Amurka a shekarar 1889, bai daɗe a makarantar koyon shari'a ba, sai da ya duƙufa ga muɗala'ar littattafan doka har ya ci jarrabawar zama lauya a Kalifoniya a 1911. A garin Oxnard ya fara yin suna, inda ya riƙa tsaya wa talakawa, musamman baƙin Sinawa, waɗanda ba su da galihu, balle lugar da za su kare kansu da ita.

Amma fa aikin ofis ya gundure shi. Abin da ke faranta masa rai shi ne muƙabala a gaban alƙali, sa'ad da lauya zai bi shaida da tambaya sannu a hankali, yana sakar masa igiya, har maƙaryaci ya harɗe kansa da harshensa. Wannan fasaha ita ya gadar wa Perry Mason, lauyan ƙirƙira da ya fara bayyana a 1933, wanda hikayoyinsa suka cika littattafai fiye da 80, galibi yana kuɓutar da wanda aka tuhuma bisa zalunci, ya kuma tono mai laifi na haƙiƙa. Masu nazari ba su yaba balagar rubutun Gardner ainun ba, kuma suna da gaskiyarsu, domin shifta yake yi wa sakatarorinsa cikin gaggawa. Sai dai wajen ƙulla hujja da warware ta, da wuya a kamo shi.

A ƙarshen shekarun 1940 ya tara masana suka shiga sake bincike a kan shari'o'in fursunonin da ake zaton an ɗaure su ba da hakki ba, har aka saki wasunsu. Ya rasu a 1970.