Kashin kaji, sinadarin zink da alkama: abin da manoman Guangzhou suka gani

Jama'ar zango, 'yan uwanmu da ke zuwa saro kaya a Guangzhou sun fi sanin unguwar Xiaobei da kasuwanninta. Amma da an fita bayan gari, gonakin ganye ne ko'ina, kuma kashin kaji na cikin takin da suke dogaro da shi, kamar dai masu lambun latas da kabeji a Kumasi da Accra. Tunda takin zamani ya yi tsada, ya kamata mu san abin da wannan taki yake bari a ƙasa.

Zink, wato tutiya, jiki na buƙatarsa kaɗan, amma rashinsa na hana yaro girma, yana kuma raunana garkuwar jiki. Shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa wa yaro mai gudawa ƙwayar zink da ruwan gishiri da sukari, kwana 10 zuwa 14.

To yaya ya shiga kashin kaji? Masu haɗa abincin kajin gona ne suke zuba shi don kaza ta yi saurin girma. Kaɗan take riƙewa, mafi yawansa ya fita a kashi. Don haka kashin kajin gona ya fi na kajin gida zink nesa ba kusa ba.

Inda ƙasa ke da ƙarancinsa, wannan alheri ne. Ƙasa mai yawan farar ƙasa tana ɗaure zink, saiwa ta kasa jansa; hakan ya dakushe noman alkama a tsakiyar Turkiyya har zuwa shekarun 1990, da aka fara zuba zink a taki amfani ya tashi. Kashin kaji yana kawo zink, kuma idan ya ruɓe yana sassauta wanda ke ɗaure a ƙasa, sai ƙwayar alkama ta samu. Manomin alkama a Kadawa ko Kura a jihar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, zai iya cin wannan riba. Sai dai fosforas idan ya yi yawa yana rage wa shuka jan zink, kuma kashin kaji cike yake da shi. Ƙara buhu ba ya nufin ƙarin amfani.

Guangzhou kuwa ɗaya fuskar take nuna mana. Can ba ƙasar alkama ba ce, shinkafa da ganye suka fi nomawa, kuma ƙasar lardin Guangdong mai tsami ce. A irin wannan ƙasa zink yana narkewa da sauƙi, shuka ta ja fiye da kima. Ga shi lambu ɗaya ana nomansa sau da yawa a shekara, kowane zagaye da sabon taki. Zink ba ya ruɓewa kamar ciyawa, taruwa yake yi tare da jan ƙarfe da gishiri, har ganye ya fara rawaya, shuka ta tsumbure. Gwamnatin Sin daga tushe ta kamo matsalar: daga 1 ga Yulin 2018 ta rage yawan zink da jan ƙarfen da aka yarda a sa a abincin dabbobi.

A ganina, matasanmu masu lambu su bar kashin ya ruɓe sosai kafin a zuba, kada a maimaita shi a fili ɗaya kowane zagaye, a kuma kai ƙasar gwaji lokaci-lokaci. Cibiyar Binciken Ƙasa tana nan Kwadaso a Kumasi.

Iyayenmu mata kuma, zink ɗin alkama ya fi taruwa a dusa. Farar fulawar burodi da pinkaso an cire mata mafi yawansa, sai a cike wa yara giɓin da nama, kifi, ƙwai da wake.